Geron Dada a Injin Baba Yamusa

Ƙauyenmu yana bayan Gwagwalada, tsakanin rafi da wani dutse mai kama da tulun da aka kife. Da can injin niƙa uku ne a bakin rafin, idan suka tashi tare ko zaginka ake yi ba ka ji. Yanzu saura ɗaya, na Baba Yamusa, tsohon manomi ɗan Gbagyi. Gonaki sun zama rukunin gidaje, matan gidajen kuwa garin leda suke saya.

Ɗansa Nathan ya kafa masa sharaɗi: ranar da injin ya yi mako cur ba a kawo niƙa ba, 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe za su kwashe shi, Baba kuma ya koma wurinsa a Jikwoyi, ɗaki ɗaya, ba rafi ba dutse.

Dada ce ta riƙe shi, wata tsohuwar Bafulatana mai fura. Kowace Laraba takan sauko daga ruga da geronta. Sauran kwana shida Baba yana zaune kan benci, yana goge injin da babu abin da ya ɓata shi.

Ni acaba nake yi, shi ya sa na riga shi jin cewa rugar ta tashi, an kewaye wurin kiwon da waya. Ran Laraba na sayi mudun gero a kasuwa, na dire masa.

"Baba, budurwarka ta aiko ni. Ƙafa ke damun ta."

"Ɗan banza," in ji shi, yana dariya. Ya tsoma hannu cikin geron, sai dariyar ta tsaya.

"Ilyasu, shekara ashirin Dada ba ta taɓa kawo mini gero da dusa ba. Sai ta surfa, ta wanke, ya sha iska. Ina suka tafi?"

Na ce, "Wajen Abaji, aka ce."

Ya tayar da injin, ya niƙe geron sau biyu, lukwi, yadda take so. Ya ɗaure a leda ya miƙo mini.

"In hanya ta kai ka, ka ba ta."

"Baba, Nathan fa ba zai sani ba. Kowace Laraba sai in kawo."

"Ni na sani."

Ya kashe injin, ya cire bel ɗin ya rataye a ƙusa. A shirun nan ne na fara jin ƙarar rafin daga cikin rumfarsa.