Keken da na ɗora wa laifi

Shekarun baya, lokacin da nake ganin babu wanda ya kai ni sanin ɗinki a unguwarmu, na tafka wata wauta da har yau in na tuna sai in ji kamar in ja kunnen kaina.

Bargon haɗi nake ɗinkawa a nan Ƙanƙara. Ƙyallayen atamfa da na shadda da teloli ke zubarwa nake tarawa, in yanka, in haɗa su su zama fuskar bargo, in shimfiɗa auduga a tsakiya, in sa yadi a ƙasa, sannan in bi hawa ukun da ɗinki. Audugar daga Daudawa take zuwa, daga hannun mahaifiyata. Ita ke gurje ta ta fitar da angurya, wato ƙwayar da ke cikinta, ta shiɓe ta har ta yi laushi, ta cusa a buhu ta ba direba ya kawo mini. Tun da na fara sana'ar haka muke yi.

Keken ɗinkin ma nata ne. Baƙin keke ne na ƙafa, mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya saya mata da kuɗin audugar shekarar da aka haife ni. Da shi ta ɗinka wa rabin garin kayan salla. Ranar da za a kawo ni Ƙanƙara ta sa aka ɗora shi a kan kayan ɗakina, ta ce shi ne abin da take da shi.

To, wata shekara sai keken ya tsiro da karya allura. Ina cikin tafiya lafiya lau sai in ji ƙas! In sauya, in yi kamu biyu ko uku, ƙas! Wata rana guntun allura ya yi tsalle ya same ni a kumatu. Na kwance kan keken, na naɗe shi a zane, na kai wa tsohon da ke gyaran kekuna a bakin kasuwa. Ya ninka ƙyalle, ya murza da hannu, ya duba ɗinkin sama da ƙasa.

"Hajiya, wanga keke lahiyarshi lau."

Sau uku ina kai masa, sau uku yana faɗa mini haka. A na ukun har da ƙarin cewa irinsa ba a ƙera su yanzu. Na dawo gida ina huci, na ce wa mijina keken ya tsufa, mai gyaran ma ya tsufa, tsoho kuwa ba ya ganin laifin tsoho. Na ce babban keke zan saya, irin wanda aka yi domin bargo.

Daga nan na shiga uku da kaina. Na tambaya a gurup ɗinmu na mata masu ɗinki, kafin azahar na sami shawara ta fi ƙarfin kaina. Wannan ta ce in sayi mai allo irin na waya, wanda ke fidda ado kala-kala. Waccan ta ce kul, ƙura na shiga allon ya mutu, kuma babu mai gyaransa sai Kano. Wata ta ce ƙanwar mijinta ta sayi irin na masana'anta, ƙararsa ta hana kajin gidan yin ƙwai. Wata kuma da ba ta taɓa ɗinka ko matashin kai ba ta turo saƙon murya mai tsawon huɗuba. Ni kuwa na duƙufa kallon bidiyo, matan wasu ƙasashe suna zuga bargo a kan kekuna farare tas, tuwona ya kama sau biyu a mako guda.

Amma in faɗi gaskiya, na koyi abubuwa. Na gane cewa mai bargo ba ado take nema ba. Abin da take so keke mai faɗin hammata, wato filin da ke tsakanin allura da jikin keken, inda za a cusa naɗin bargo ya wuce ba a yi kokawa ba. Tana son ƙafar da ke jan yadin sama da na ƙasa tare, don kada hawa ɗaya ya riga ɗaya. In an sami mai ɗaga ƙafa da gwiwa, hannu biyu suna kan bargo, to madalla. Na haddace waɗannan, na dinga zuba wa mijina su safe da yamma har ya fara cewa a bar shi ya ci abinci.

Shi kuwa abu ɗaya ya dame shi. "Duk wanga bayani na ji. Wuta fa? Ko da bakinki za ki hura shi?"

Aka shiga zancen sola, aka kwashe wata guda a kansa.

Sau uku muka je Funtua wurin wani Alhaji mai shagon kekuna, kullum da sassafe don mu juyo kafin la'asar, kun dai san halin hanya. Mutumin nan ya ga haƙuri. Na auna hammatar kowane keke da ɗanin hannuna. Na sa ya buɗe kwali huɗu. A zuwa na uku na zo da abin gwajina, ina ji da kaina: atamfa ninki takwas, da guntun wandon jins a tsakiya. Na ce duk keken da ya huda wannan shi ne nawa. Wani ƙato mai launin toka ya ratsa shi kamar yana ɗinka ganyen ayaba, ya kuma yanke zaren da kansa. Na kalli mijina, ya kalli silin.

Abin da na tara bai kai ba, ko da na haɗa da ragunana biyu. Sai Alhajin ya tambaya ko ina da tsohon keke. Ya ce baƙaƙen nan na da ana nemansu ruwa a jallo, in na kawo zai karɓa ya cike gurbin.

A mota mijina ya ce, "Keken Inna fa kike magana."

Na ce na sani.

"Ki dai tambaye ta."

Na kira ta a waya, na zayyana mata yadda keken ya ishe ni, yadda ya kusa cire mini ido, yadda ba ya iya auduga yanzu. Ta yi shiru. Shirun ya yi tsawo har na duba wayar ko ta katse. Can ta ce, "Ai naki ne. Abin da kika ga ya hi, ki yi." Na ji shirun nan sarai, na dai ƙi tsayawa a kansa, saboda zuciyata tana Funtua. Washegari na naɗe keken a zanen da na saba kai shi gyara, muka kai.

Ranar da sabon ya iso, matan layinmu suka cika mini ɗaki. Har da masu guɗa. Na ɗauko bargon wata amarya da na riga na shimfiɗa wa auduga na kafe da fil, na cusa shi a hammatar nan mai faɗi, na yi bisimilla, na taka. Wayyo daɗi! Ya tafi sumul, babu jijjiga. Ban kai ƙarshen layin farko ba na ji ƙas!

Matan suka kalli juna. Na ce allurar kamfani ce, ba ta da kyau. Na sa wata. Ƙas! A ta uku, da yake wannan keken gudu gare shi ba irin na ƙafa ba, allurar ta lanƙwashe ta daki wani abu a ciki, ya daina ɗauko zaren ƙasa gaba ɗaya. Mata suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowa ta tuna ta bar tukunya a wuta. Mijina ya leƙo ya ce, "Tsugune ba ta ƙare ba ke nan, an sai da kare an sayi biri." Da ya ga fuskata bai ƙara ba.

Ba yadda na iya, sai tsohon nan mai gyara da na gama zagi a bayan ido. Wannan keken ba ya ɗaukuwa a zane, don haka mijina ya je ya taho da shi, aka fito da komai zaure. Ya daɗe yana kallon keken, ya ce bai taɓa buɗe irinsa ba amma ƙarfe ƙarfe ne. Ya daidaita ƙugiyar da ta goce, ya gwada a ƙyalle, ɗinki ya fito. Sai ya ce, "Mi kike ɗinkawa sadda ta karye? Kawo in gani."

Duk zuwan da na yi wurinsa, kan keke kawai nake kai masa, bai taɓa ganin bargona ba. Ya shimfiɗa shi a tabarma, ya dinga bin sa da tafin hannu a hankali. Ya tsaya a wuri ɗaya, ya matsa da yatsa, ya nemi reza ya farke ɗinkin kaɗan. Ya zaro angurya guda, baƙa, da shaidar allura a jikinta. Ya ci gaba da lalube. Kafin ya kai tsakiyar bargon ya tara cikin tafin hannu.

"Hajiya, kin bar jaki kina dukan taiki. Ina tsohon keken?"

Na ce na bayar. Ya dube ni, ya dubi mijina, ya tattara kayan aikinsa ya fita. Gara ma da ya zage ni.

Haushi ya hana ni zama. Ni ce fa na ninka atamfa takwas har da jins, amma ko sau ɗaya ban yi tunanin in yagi audugar da nake aiki da ita in kai shagon ba. Kuma ni ce nake shimfiɗa ta da hannuna, sai dai a dunƙule nake baza ta, ban taɓa lalubawa ba, don audugar Inna ba a bincikenta. Kwana biyu bayan nan na hau motar Faskari na sauka Daudawa, da anguryar ƙulle a bakin gyalena. Ba faɗa zan yi mata ba, wa ya isa, amma na shirya ƙorafi mai kyau.

Na same ta da hantsi a tsakar gida, ta baje auduga a faifai tana tsinta. Na tsaya a bakin ƙofa ban yi sallama ba tukuna, ina kallonta. Ta ɗago ta dubi inda nake, ido cikin ido, ta ce, "Wa ke nan?"

Tsakanina da ita bai fi taku biyar ba, rana kuma tar.

Na yi sallama, ta gane muryata, ta hau murna tana laluben tabarma. Na zauna kusa da ita. Audugar da ta ware gefe a matsayin wadda ta gama, ga angurya nan a ciki baƙi-baƙi, ko yaro zai gani. Na dubi idanunta da kyau, abin da na daɗe ban yi ba. Wani fari-fari ya rufe ƙwayar.

"Inna, tun yaushe?"

"Mi?"

"Idonki."

Ta ci gaba da jan audugar. Ta ce tun waccan damanar ya fara yi mata hazo-hazo, yanzu sai dai inuwar mutum.

"Shi ne ba ki faɗa ba? Ina ta zagin keke a waya kina ji!"

"In na hwaɗa miki, sai ki koma sayen ta kanti. Ni kuma in zauna in yi mi? Wanga aiki shi kaɗai ya rage da wani ke jira daga hannuna." Ta ajiye audugar da ke hannunta. "Na san keken ba shi da laihi. Da kika kira na so in hwaɗi, bakina ya yi nauyi."

Ban kwance bakin gyalen ba. A hanyar dawowa na watsar da anguryar ta tagar mota.

Ashe yanar ido ce ta rufe mata gani. Mun kai ta asibiti aka yi mata aiki, alhamdulillahi tana gani, har tana gaya mini na yi ƙiba. Keken kuwa, na koma Funtua da niyyar in fanso shi ko da me, Alhajin ya ce ko kwana uku bai yi a shagon ba, wata mata daga Sabuwa ta ɗauka. Na bi kwatance har Sabuwa. Na tarar da shi a ɗakin wata baiwar Allah da mijinta ya rasu, an goge shi yana ƙyalli, ga rigunan makaranta tsibi a gefe tana ɗinkawa. Ta ba ni ruwa, ta hau yabonsa, ta ce tun da ta saya ko allura ɗaya bai karya mata ba. Na sha ruwan, na ce wucewa nake yi na biyo, na yi mata fatan alheri na fito. Maganar fansar keken da na zo da ita, haka na koma da ita gida.

Sabon keken yana nan, kuma abin da ya fi ba ni haushi shi ne yana da kyau. Duk abin da na zaɓe shi dominsa yana yi, ba zan yi masa ƙarya ba. Sai dai duk sadda wata ta turo mini tana tambayar wane keke za ta saya, nakan ce ta fara kai wa mai gyara aikin da kansa, ta kuma je gida ta zauna kusa da tsohuwarta da rana. Wata huɗu na yi ina auna hammatar kekuna, ban je Daudawa ko sau ɗaya ba.

Inna ba ta taɓa yi mini gori ba. Da na gaya mata na ga keken a Sabuwa, tambaya ɗaya ta yi.

"Mai shi tana sa mashi mai?"

Na ce tana sawa.

Ta ce, "To, ki bar mata."