Tauraron Gwangwani na Kawu Bawa

Kawu Bawa bai taɓa zama ya ba ƙofa baya ba. Ku da kuka san shi a Maradun kun shaida. Ko gaisuwar mutuwa ya je, sai ya zagaya ya sami kusurwar da yake ganin mai shigowa, sannan ya ɗora malfarsa a gwiwa. In an tambaye shi sai ya ce, "Ta baya suke zuwa."

"Su wa, Kawu?"

"Ɓarayin shanu."

Mutumin da ko akuya ba shi da ita! Jaki ɗaya ne dukiyarsa.

Ni ba mai yawan magana ba ne. Amma ƙanen uwata ne, kuma ba don shi ba da tuni ƙasa ta rufe ni.

Abin ya same shi ne lokacin aikin madatsar Bakolori, muna aikin lebura tare. A sansanin ma'aikata wajen Talata Mafara akan kafa farin ƙyalle bayan magariba a haska mana majigi. Tsofaffin finafinan kaboyi ne, gajeru, kafin ka gama ɓare gyaɗarka an tashi. Kullum labari ɗaya: mai tauraro a ƙirji yana bin 'yan fashi a kan doki. Ko kalma ba mu ji. Kawu ne mai fassara.

"Ya ce mishi ubanka!"

"Kawu, ai dariya suke yi."

"Ta mugunta ce. Kai mi ka sani?"

Ba a jima ba sai ga shi da nasa tauraron. Ya yanko shi daga gwangwanin madara ya ɗinke a gaban riga, ya lanƙwashe gefen malfa. Jakinsa, wanda ke tafiya kamar ana roƙonsa, ya raɗa masa suna Walƙiya. Ranar kasuwar Bakura ya tara mutane, wai su ga yadda ake kiran abin hawa da fito. Ya sa yatsu a baki ya busa. Walƙiya ya ɗaga kunne ɗaya ya ci gaba da taunar ɓawon rake. Ya sake busawa. Shiru.

Wani mahauci ya ce, "Bawa, ko in ara maka dusa?"

Kawu ya gyara malfa. "Ba laifinai ba ne. Shi ba a bari ya shiga kallo."

Liman ma sai da ya kira shi, domin ya lura kullum yana sahun ƙarshe, ana sallamewa ya juya ga ƙofa.

"Bawa, har a ɗakin Allah?"

"Allah gafarta Malam, takalmanku nike tsaro."

Tun daga ranar ba a sake satar takalmi a masallacin ba. Dama can ba a taɓa yi ba.

Abu ɗaya ke ɓata masa rai a majigin: ƙarshensa. An harbe mutane suna kwance a tsakiyar hanya, mai tauraro ya hau doki ya kama gabansa, mu muna tafi. Sai Kawu ya miƙe, inuwarsa ta cinye rabin ƙyallen.

"Kai, dawo! Wa zai ɗauke su? Ba wanka, ba sutura?"

"Zauna, Bawa! 'Yan fashi ne!"

"Ɗan fashi ba uwa ta haihe shi ba?"

Ana jifarsa da ɓawon gyaɗa yana faɗa. Kowane mako haka. Ya ce mutumin ya iya harbi, amma gidansu ba a yi masa tarbiyya ba. Mun yi dariya har muka gaji.

Sai shekarar da rikici ya tashi kan gonakin da madatsar ta cinye. Ba zan ba da labarinsa ba. Na je, domin gonar ubana na ciki. Harbi ya tashi, kowa ya watse, na faɗi a gefen hanya da harsashi a cinya. Rana ta take, jini yana zuba. Ba wanda ya iya fitowa fili, ban kuma ga laifin kowa ba.

Sai na ji takun kofato. Kawu ne, yana jan Walƙiya a tsakiyar hanya, a hankali, gwangwaninsa yana ƙyalli. Mutumin da bai taɓa ba ƙofa baya ba, ya ba masu bindiga baya ya durƙusa a kaina.

"Kawu, koma. Za su kashe ka."

"Rufe min baki, Labbo. Kama wuyana."

Ya yage hannun rigarsa ya ɗaure cinyar, ya cicciɓe ni ya ɗora kan jaki. Walƙiya kuwa ya ƙi motsi! Wallahi, ya kafe kamar an dasa shi. Kawu ya sha gabansa, ya sa yatsu a baki ya yi fito. Sai jaki ya bi shi, har gida.

Har ya rasu yana ba da labarin: "Da fito na tashe shi. Ai na ce muku zai koya." Ni da ke kan jakin na ga dusar da ke ɗayan hannun nasa. Ban taɓa faɗa ba sai yau.

Da ya cika, ni na yi masa wanka. Da ɗingishina na shiga kabari na karɓe shi. Tauraron yana wurina, ya yi tsatsa.

Ya Allah, bai bar ni a hanya ba. Kada Ka bar shi. Ka jiƙansa, Ka zaunar da shi inda ba abin da zai zo masa ta baya. Amin.