Ashe Flabby Ba Yabo Ba Ne

Jama'a, yau an kushe ni, ni kuma na yi godiya!

Na je neman aikin gadi a wani sito a unguwar Al Warsan, nan ƙasar Larabawa inda muke ci-rani. Manajan ya matsa damtsena, ya kalli cikina, ya ce, "Flabby." Ni da na yi boko da Faransanci a Maraɗi, na zaci yabo ne! Na washe baki na ce, "Thank you, sir." Ya ce, "Khalas," wato an gama, ya nuna min ƙofa.

Da na dawo na tambayi Malam Sani, Bakanon da muke ɗaki ɗaya. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Isufu, nufinsa naman jikinka ya saki, ba ƙwari. Teɓa ke nan."

Teɓa! Wata huɗu ba aiki, daga burodi sai shayi, amma wai teɓa ce ta hana ni gadi. Wallahi na gaji.