Batulu da Tukunyar Katantanwa

Da mulki ya dawo hannun farar hula, gidaje suka yi ta tsirowa a Gwarinpa, masu hali kuma suka tsiri ajiye kifin ado cikin akwatin gilashi a falo. Batulu, 'yar Abaji da rumfarta ke jikin shagona na ɗinki, ita ke sayar musu da ɓawon katantanwar teku da kuɗin wuri, waɗanda ake shimfiɗawa a ƙasan akwatin.

Daga Legas ake aiko mata da su a buhu, suna wari kamar mushe. Sai ta jiƙa su, ta tafasa, ta bi kowane lungu da tsohon burushin haƙori, sannan ta shanya a rana. Sabulu kuwa ba ya kusantarsu, don ko ɗan kaɗan ya maƙale a ciki, kifin ya mutu.

To, mutanenmu ba sa ganin mace da tukunyar wuri su yi shiru. Nan da nan aka ce bokanya ce. Shugaban 'yan layinmu, Alhaji Badaruddeen, ya tako da kansa ya ce ko ta daina ko ta bar rumfar kafin ƙarshen wata. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ce mata ta riƙa dafawa a gida kawai a huta.

"Sata na yi da zan ɓoye?" in ji ta.

Washegari ta ɗauko murhun daga bayan rumfa ta dasa shi a bakin hanya. Duk wanda ya tsaya yana harara, sai ta ce, "Oga, zo ka leƙa. Datti nake cirewa, ba aljani."

Wa'adin ya kusa cika, wata rana layi ya yi tsit, na ji muryar Alhajin ƙasa-ƙasa ta jikin langa-langar da ta raba shagona da rumfarta. Wai kayansa sun maƙale a Legas, ko za ta ɗan watsa masa wuri ta duba? In ta yi, maganar tashi ta wuce.

Batulu ta miƙa masa burushin, ta ɗaga murya yadda har mai shayin ƙarshen layi ya ji.

"Alhaji, ni ban iya duba ba! Ungo, goge da kanka. In ka ga kayanka a ciki, ka faɗa mini."

Ba wanda ya sake ta da zancen rumfar. Murhun ma bai koma baya ba.