Kwanon Tangaran a Shagon Sifika

Mai shagon sifika a Ƙofar Kaura ya saki baki da na ɗora kwanon tangaran bisa hajarsa.

"Hajiya, abinci kika kawo mana?"

"Alƙali na kawo, ɗan nan. Kunna."

Sifikar da ɗana ya sayo mani kyakkyawa ce, amma da zarar ta yi ruri, jeren da na gada daga mahaifiyata sai ya hau rawa cikin kabad. Faranti guda har ya tsage.

Da ya kunna, manyan sifikoki uku suka sa murfin kwanon karkarwa. Wata ƙarama, mummuna, ta fitar da muryar mai labarai tas, murfin bai motsa ba. Ita na ɗauka.

Ɗana yana fushi har yau. Jama'a, wa ya fi kunne, shi ko kwanon?