Zamana a Faransa ya zama fim ɗin Amurka

Shekara goma sha ɗaya rabona da Damagaram.

Ran Lahadi na je Lyon duba Malam Sani, ɗan Maraɗin da muka yi dako tare a kasuwar Rungis kafin ciwon baya ya zaunar da shi. Na iske shi gaban tele yana kallon wani fim ɗin Amurka mai dogon zango, wanda yake bi tun muna ɗaki ɗaya.

Na ce, "Malam, wai har yanzu abin nan bai ƙare ba?"

Ya ce, "Ina fa! Jarumin ya mutu sau biyu, suka tado shi. Amurkawa ba sa rufe labari muddin ana kallo. Na Ingila kuwa kashi kaɗan ne, su ba ka dariya mai ɗaci, su tashi tun ba ka gaji da su ba." Sai ya harare ni. "Kai ma na Amurkan ne, Habu. Kowace shekara ka ce wa matarka badi za ka koma gida."

Na ji haushi, amma bai yi ƙarya ba.

Ba zan yi wa Faransa butulci ba, ta ciyar da gidana. Sai dai ta cinye ƙarfina, kuma ɗiyata ta zama budurwa ina kallonta ta waya.

Ina komowa Paris na gaya wa patron, ubangidana a wurin aiki, bayan azumi ya nemi wani a madadina, gida za ni. Abin da na tara, in na zuba a gini, ɗaki biyu kawai zai rufa. A cikinsu zan kwana, in sha Allah.

'Yan uwa na waje, ku me kuke ce wa mutanen gida in sun tambaye ku yaushe?