Hatimin Yana Aljihuna

Shekara biyar ke nan da rasuwar Sagiru, mutumin Fagam, kuma har yau in na tuna shi kunya ce ke riga kewa zuwa.

Tare muka yi sakandare. Shi ya koma gyaran waya a Gwaram, ni na zama sakataren ƙungiyar masu POS a Birnin Kudu. Ya haɗa wata manhaja da manomi zai tura kuɗi da murya, da Hausa, ko bai iya karatu ba. Wata babbar ƙungiya a birni, mai tallafa wa ƙananan kamfanonin fasahar kuɗi, ta ce za ta horar da shi, ta haɗa shi da banki. Sharaɗi ɗaya ne: ya kawo takardar shaida daga ƙungiyar yankinsa, wato tamu, da hatimi, kafin ƙarshen wata.

Muka zauna a bayan idonsa. Wani dattijonmu ya tambaya, in manomin Maruta ya iya tura kuɗinsa daga gona, wa zai zo gindin lemarmu? Ba wanda ya ce a hana Sagiru takarda. Amma kowa ya gane.

Sau uku yana hawo babur ya zo. Sau uku ina ce masa hatimin yana wurin shugaba, shugaba kuma ya yi tafiya. Alhali yana aljihuna, har tawadar ta ɓata mini riga. A zuwa na uku ya dubi aljihun, ya dube ni.

"Ba komai, Idi. Allah ya dawo da shi lafiya."

Wata ya ƙare. Bayan damina ciwon hanta ya kwantar da shi, bai tashi ba.

Yau manoman Basirka suna tura kuɗi da murya ta manhajar wani kamfani na nesa, mu kuma ba wanda ya naɗe lemarsa. Bana har ni aka miƙa wa lasifika in yi jawabi kan tallafa wa matasa, na yi, aka tafa mini. Da Sagiru na wurin, na san shi ma tafawa zai yi, kuma wannan ya fi yi mini ciwo.

Manhajar ta tafi tare da shi, halinsa ne ya rage. Duk salla nakan je gaida Inna, mahaifiyarsa. Takan kama hannun rigata ta yi ta sa mini albarka, wai ɗanta ya gaya mata duk ƙungiyar ni kaɗai na tsaya masa. Ni kuwa in sunkuyar da kai in ce amin. Inna ba ta karanta jarida, don haka wannan rubutu bai fisshe ni ba. Gobe zan je in zauna a gabanta.